Abin da Ya Rage a Hannun Alƙali: Ƙasa, Iyaka da Bashi a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, jama'a mai yawan gaske ta taru a Gusau, Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya yi shelar cewa Jihar Zamfara ta koma bin shari'ar Musulunci. Dokokin suka fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Cikin wannan shekara aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya, wata kotu a Tsafe kuma ta yanke wa wata yarinya hukuncin bulala, labari ya kai har Turai da Amurka. Galibin abin da masana suka rubuta game da kotunan Zamfara tun daga lokacin nan a kan haddi ya tsaya. Amma duk wanda ya taɓa wuni a zauren alƙali ya san haddi ba shi ne aikin yau da gobe ba. Abin da ke kai talaka gaban shari'a shi ne gona, da gida, da gado, da aure, da bashi. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa da mai tarihi ita ce: cikin waɗannan, wanne ne ya rage a hannun alƙali, wanne aka ɗauke masa, yaushe kuma aka ɗauke?

Garuruwan nan uku suna jere ne bisa hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa ta nufi Sakkwato. Tsafe ce ta farko, kusa da kufan 'Yandoto, garin malamai da Muhammadu Bello ya ci wajen 1806. Har yau sarautarta 'Yandoton Tsafe ake ce mata. Gusau kuwa Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, mai mulkinta shi ne Sarkin Katsinan Gusau. Gaba kaɗan sai Bunguɗu ta Sarkin Fulani, a bakin Gulbin Sakkwato. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, dukansu suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sarkin Musulmi, watau alƙalansu rassa ne na wata bishiya wadda gindinta ke can birnin Shehu.

Sunan alƙali kansa yana da abin faɗi. Daga Larabci ya zo, kuma tsohon aro ne, domin harafin nan da malaman allo ke kira lodi ya koma "l" a cikinsa, kamar yadda ya koma cikin alwala, da farilla, da lalura, da Ramalan. Kalmar lamuni, wadda ke tsakiyar maganar bashi, ita ma ta wannan gida ce. Kotu, da joji, da lauya, da sammaci, da beli, da kwastan, da fuloti kuwa baƙi ne na jiya, daga bakin Turawa aka ji su. Wanda ya jera kalmomin nan bisa shekarunsu, ya kusa jera tarihin da za a bayar a nan.

A zamanin Daular Usmaniyya sarki ne ke naɗa alƙali, shi ne kuma ke tuɓe shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya shimfiɗa sharuɗɗan wanda ya cancanci kujerar cikin Liya'ul Hukkami, Shehu kuma cikin Kitabul Farƙi ya sa cin hanci a wurin shari'a cikin al'adun sarakunan Haɓe da ya yi suka a kansu. Littattafan aiki su ne Risala da Muhtasar da Tuhfa. Turawa ba su rushe wannan ba. Abin da suka yi ya fi rushewa dabara. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 suka ce babu kotun da za ta zauna sai da takardar izinin Razdan, babu alƙalin da za a naɗa ko a tuɓe sai da yardarsa, kuma yana da ikon buɗe littafin shari'a ya sake duba kowane hukunci. Aka hana yanke hannu. Da aka kafa baitulmali, ushirar da alƙali ke karɓa daga gado da bashi ta koma aljihun En'e, shi kuwa aka yanka masa albashi. Rawani dai na Sarkin Musulmi ne, amma igiyar tana hannun wani.

Cikin 1933 Gwamna Donald Cameron ya buɗe wata ƙofa da ba a saba da ita ba, watau ɗaukaka ƙara daga kotunan sarakuna zuwa Babbar Kotu ta Turawa. Mutumin da ya fi kowa shahara cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa daga Gusau ya fito. Cikin 1938, bayan an naɗa Abubakar na III Sarkin Musulmi, aka ba Ahmadu Raɓa sarautar Sardauna, aka zaunar da shi Gusau yana duba gundumomin gabas. Cikin 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, majalisar Sarkin Musulmi ta same shi da laifi ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, lauya Bode Thomas ya tsaya masa, aka soke hukuncin. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani a ce wani joji ya warware abin da aka ƙulla a fadar Sakkwato, a kan ɗan gidan kuma. Masu tarihi sun saba kallon wannan shari'a ta fuskar gasar sarauta tsakanin 'yan'uwa, kuma da gaskiyarsu. Sai dai akwai wata fuska: mutumin da ya ɗanɗani kotun fada yana wanda ake tuhuma, shi ne Firimiyan da, shekara goma sha biyar bayan haka, ya kira masana su sake wa shari'ar Arewa fasali.

Kwamitin nan na 1958, wanda Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta, an kira shi ne a daidai lokacin da 'yan adawa, musamman 'yan NEPU, da ƙananan ƙabilu ke kukan cewa kotunan alƙalai sun zama sandar dukan abokan hamayya. Daga shawararsa aka sami kundin laifuffuka na 1959, wanda ya fara aiki cikin 1960, ya raba alƙali da hukunta laifi bisa Muhtasar. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda wani ɗan ƙasar Zamfara, Malam Abubakar Gumi, ya riƙe daga 1962. Sa'an nan soja suka ƙarasa aikin: dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1968, ta rufe kotunan sarakuna ɗungum, ta mai da alƙali ma'aikacin gwamnati a ƙarƙashin Babban Joji. Daga ranar nan Sarkin Musulmi ba ya naɗa alƙalin Gusau, ba ya kuma tuɓe shi.

Tsarin mulki na 1999 ya raba masu shari'a gida biyu ta fuskar kora. Joji na Babbar Kotu da Kadi na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a suna da garkuwar sashe na 292 da ta Majalisar Shari'a ta Ƙasa. Ƙarfin garkuwar ya bayyana cikin 2012, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ce Gwamnan Kwara da majalisar dokokinsa ba su da ikon tuɓe Babbar Jojin jihar, Raliat Elelu-Habeeb, ba tare da maganar ta bi ta wannan Majalisa ba. Alƙalin ƙaramar kotu a Tsafe ko Bunguɗu ba ya cikin wannan inuwa. Ɗaukarsa da horonsa da korarsa duk suna hannun hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha, wadda Gwamna ke naɗa yawancin mutanenta. Dokokin Zamfara na 1999 sun ƙara Majalisar Malamai mai ba da shawara kan cancantar alƙalai, sun sauya wa kotunan suna, amma ba su taɓa wannan tushe ba. Wanda ya fi kusa da talaka, shi ne ya fi sauƙin cirewa.

Maganar ƙasa ta fi wannan tsawo. Hausawa sun daɗe da sanin hanyoyin da gona ke shiga hannun mutum: saran daji, da gado, da kyauta, da aro, da jingina, da saye. Malam Abdullahi ya yi wa mas'alar ɗan littafi na musamman, Ta'alimur Radi. Ko a wancan zamani ma rigimar ƙasa takan fi karkata wajen majalisar sarki bisa ga zauren alƙali, domin rabon ƙasa aikin sarauta ne. Littattafan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya yi nazari, cike suke da irin waɗannan ƙararraki. Cikin 1908 wani kwamiti ya zauna a London, a zamanin Gwamna Percy Girouard, ya saurari Razdanoni, ya yanke cewa Bahaushe bai san mallakar ƙasa ba, amfaninta kurum ya sani. Manoman da ke jinginar da gonakinsu a gaban shaidu ba a tambaye su ba. Daga nan dokar 1910 ta fito, ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Aka sabunta ta cikin 1916, gwamnatin Sardauna ta sake zuba ta cikin dokar 1962 da Minista a madadin Gwamna, sa'an nan ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta shimfiɗa wannan ra'ayi bisa Nijeriya baki ɗaya. Mutanen Kudu suka ɗauke ta baƙuwar doka. A Arewa tsohuwar riga ce aka sake wa rini.

Abin da dokar 1978 ta yi wa alƙali a fili yake. Ƙasar da Gwamna ya ce ta birni ce, wadda ake ba da takardar mallaka a kanta, sashe na 39 ya ce Babbar Kotu kaɗai ke jin ƙararta. An bar wa kotun yanki ƙasar karkara a sashe na 41, amma cikin 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, Kotun Ƙoli ta ce nan ma Babbar Kotu tana da hannu. To, Gusau ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta yi ta cin gonakin da ke kewaye da ita. Duk gonar da awo ya bi ta kanta ta zama fuloti, ta fita daga littafin alƙali ta shiga fayil ɗin lauya, ko da mai ita bai gusa ko taki ɗaya ba. Sashe na 28 kuma ya ba Gwamna ikon karɓe kowace ƙasa saboda amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta gini ce da shuka da abin da aka kashe, ba ta ƙasar kanta ba. Iyakar abin da kotuna suka iya yi shi ne tsare ƙa'ida: a shari'ar Osho ta 1991 Kotun Ƙoli ta nace cewa sai an ba mai ƙasa sanarwa, kuma sai dalilin ya zama na jama'a da gaske.

Yadda abin yake in ƙa'ida ta kasa, an gan shi a gulbin da ya ratsa Gusau da Bunguɗu, can ƙasa kusa da Talatar Mafara. An gama madatsar ruwan Bakolori cikin 1978, ruwa ya ci garuruwa da fadamu, manoma suka yi ta jiran diyya da sababbin gonaki. Da jira ya yi tsawo suka tare hanyoyin aikin. Cikin Afrilu 1980, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike suka ce waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa. Rigimar ƙasa mafi girma da aka yi a wannan yanki cikin ƙarni na 20 ba a zauren alƙali aka yanke ta ba.

Duk da haka fiƙihu bai fita daga maganar ƙasa ba, inda rigimar ta tsaya tsakanin talaka da talaka. Har yanzu ana hukunci da hauzi, watau in mutum ya riƙe gona shekara goma, mai da'awa yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma ba dangi ne ba, to da'awarsa ta faɗi. A shari'ar Alkamawa da Bello, wadda ta taso daga Sakkwato, Kotun Ƙoli ta tabbatar cikin 1998 cewa a mazhabar Malik maƙwabci ba shi da haƙƙin shufa'a, sai abokin tarayya, ta kuma ce shari'ar Musulunci ba al'adar wata ƙabila ba ce. Sai dai a shari'ar Magaji da Matari ta 2000 kotun ta ce rigimar mallakar ƙasa ba ta cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke ji, domin tsarin mulki ya tsare ta ga aure, da gado, da wasiyya, da waƙafi, da riƙon marayu. Jihohin da suka faɗaɗa ikonta bayan 1999 sun sha karo da wannan katanga. Ƙarar gona takan fara da Tuhfa a hannun malami, ta ƙare a gaban joji.

Fasa-ƙwauri kuwa bai taɓa zama na alƙali ba, domin laifi ne da iyaka ta haifa, iyakar kuma ba da shi aka shata ta ba. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906 su ne suka raba Katsina da Maraɗi, suka mai da fataucin da kakanni suka gada abin ɓoyo. Kalmar, ga alama, hoton mai bin daji da dare ce, yana kauce wa hanya, kututture na dukan ƙafarsa. Ƙanwarta sumoga daga Turanci take. Jirgin ƙasa ya iso Tsafe da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda cikin 1929, daga nan kuwa hanyar Zurmi da Jibiya ba ta da nisa da ƙasar Faransa. Da hukumomin ciniki suka fara yanka farashin gyaɗa da auduga cikin 1949, sai gyaɗa ta riƙa bin inda kuɗinta ya fi, wata shekara ta haura arewa, wata shekara ta gangaro. Bayan gyaɗa aka yi zamanin atamfa da taba, sa'an nan man fetur da shinkafa, sa'an nan zinariya, wadda Gwamnatin Tarayya ta hana haƙarta a Zamfara daga Afrilu 2019 zuwa Disamba 2024. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Dokar kwastan ta 1958, wadda aka maye gurbinta cikin 2023, da kotun haraji ta 1973 wadda ta zama Babbar Kotun Tarayya cikin 1979, da sashe na 251, duk sun tsare wannan fage ga Tarayya. Shelar 1999 ba ta ko leƙa shi ba.

Saura bashi, wanda Hausawa suka ce hanji ne, yana cikin kowa. A nan ne alƙali ya fi daɗewa bisa buzunsa ba a tashe shi ba. Hanyar da yake bi a yau, in an ɗebe takardar sammaci da rasit, ita ce wadda Tuhfa ta tsara. Mai da'awa shi ke kawo hujja: maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko kuwa, tun da maganar dukiya ce, shaida ɗaya tare da rantsuwarsa. In ba shi da ko ɗaya, wanda ake ƙara ya rantse ya kuɓuta. In ya ƙi rantsuwa, a juyar da ita ga mai da'awa. Kafin a yanke hukunci sai an yi izari, an tambayi wanda zai faɗi ko yana da sauran magana. Mawadacin da ke taurin bashi ana tsare shi har ya biya, wanda aka tabbatar ba shi da komai a saurara masa, wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa a sayar da ita a raba wa masu binsa gwargwadon abin da kowa ke bi, wanda kuma ya tarar da ainihin hajarsa a hannun wanda ya karye ya fi kowa cancantar ɗaukarta. Ruwa a kan bashi kuwa alƙali ba ya hukunta a biya shi.

Amma ko a nan an yi masa rabo, tun ranar da kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru kusa da tashar Gusau. Cinikin gyaɗa da auduga sarƙar bashi ce. Kamfani ya ba babban dillali kuɗi kafin kaka, shi ya rarraba wa 'yan baranda, su kuma su bi ƙauyuka su ba manomi tun gyaɗa tana ƙasa. Bature da Kwara ba sa ƙarƙashin kotun alƙali, saboda haka in sarƙar ta tsinke daga sama, kotun Lardi ko ta majistare ke ji, da takarda da sa hannu da ruwa. In ta tsinke daga ƙasa sai a tafi wurin alƙali, inda ake iya shigar da kuɗin kafin kaka cikin babin salam, watau sayen abin da aka siffanta, aka san mudunsa da lokacinsa, aka biya kuɗinsa tun da wuri. Kuɗi ɗaya ne, ya fito daga akwati ɗaya, amma doka biyu ke binsa, dillalin da ke tsakiya kuwa ana binsa da ruwa a sama, shi ba ya iya bi da ruwa a ƙasa, sai dai ya ɓoye shi cikin farashi. Wannan, a ganin mai nazari, ya fi kowace doka bayyana abin da ya sa manomi ke sayar da buhunsa da araha tun yana cikin damina.

Kamfanonin gyaɗa sun tafi, bankuna sun zauna a gurbinsu, rabon bai sauya ba. Bashin banki Babbar Kotu yake zuwa, ta jiha ko ta Tarayya, kamar yadda Kotun Ƙoli ta bayyana cikin 2004 a shari'ar NDIC da Okem. Nan ne kuma maganar bashi ta sake haɗuwa da ta ƙasa, domin banki ba ya karɓar gonar gado jingina, sai takardar mallaka, takardar kuwa ba ta jinginuwa sai da yardar Gwamna. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 wanda ya ci bashin ne da kansa ya kafa hujja da cewa ba a nemi wannan yarda ba, Kotun Ƙoli ta ce jinginar ɓatacciya ce, banki ya rasa gidan. Da a gaban alƙalin Bunguɗu aka kawo irin wannan magana, abin da zai fara tambaya shi ne ko an karɓi kuɗin, da kuma su wane ne suka gani.